Ƙarar da Ba a Rubuta Ba

Ƙarfe shida da rabi na safiyar Talata aka bugo waya ofishin 'yan sanda da ke yammacin Omdurman, cewa an tsinci wata mai shayi kwance cikin jini a layin 'yan yadi na Kasuwar Libiya. A ƙarshen daminar shekarar da ta gabaci yaƙi ne.

Sufeto Hadi Mahmud ne ke bakin aiki. Dogo ne mai tabarau, ɗan shekara arba'in da biyu, ba ya da yawan magana, kuma manyansa na yabonsa saboda fayil ba ya daɗewa a teburinsa. Ya ɗauki Saje Salahuddin suka shiga mota.

Kafin su isa an riga an wuce da matar asibiti. Abin da suka tarar shi ne wurin sana'arta: murhun gawayi da bai gama mutuwa ba, ƙananan kujeru shida, gwangwanayen ganyen shayi da citta da kirfa a jere, sai babbar butar ruwan zafi kife a ƙasa, ruwanta ya jiƙa rairayi. Jinin yana daidai gaban murhun.

Wata dattijuwa na tsaye a gefe tana matsa hannuwanta. Sunanta Talatu, ita ma mai shayi ce a ɗaya bakin layin. Hadi ya yi mata tambayoyinsa da Larabci, kamar yadda ya saba.

"Hajja, ke kika fara ganinta?"

"Ni ce, Janabu."

"Sunanta?"

"Barakatu Abdullah. Shekara tara tana zama a nan."

"Tana da abokin faɗa?"

"Ban sani ba."

"Ba ta taɓa ce miki wani yana damunta ba?"

Talatu ta dubi ƙofofin shagunan da aka fara buɗewa, sannan ta dubi ƙasa. "Ni shayi nake sayarwa, Janabu."

A kan ɗaya daga cikin kujerun akwai ɗan finjali, an sha rabin jabanar da ke ciki, wato gahawa. Hadi ya ɗaga shi ya karkata. Babu sukari ko kaɗan a gindinsa.

"Wa ke shan jabana ba sukari a layin nan?"

"Masu ciwon sukari sun yi yawa yanzu."

"Na ce wa?"

"Ba ni nake ba su ba," in ji ta, ta ja mayafinta.

Hadi ya sa Saje ya ɗauki finjalin. Ko wane ne, ya zauna da ita, ta zuba masa, ya sha. Ba ɓarawo ba ne, kuma ba baƙo ba ne.

Suka haye gada zuwa Khartoum, inda aka mayar da ita saboda raunin kanta. Dakta Ghada, likitar da ta karɓe ta, ta tsaya da su a baranda.

"An buge ta sau uku, daga baya. Da wani abu dogo, siriri, mai nauyi. Ƙarfe ne, ba sanda ba. Muƙamuƙinta ya karye, ƙoƙon kai ya tsage. Ba ta farfaɗo ba."

"Ƙuna fa? Butar ruwan zafinta ta kife."

"Babu ƙuna a jikinta ko ɗigo."

"Ke nan ruwan a jikin wani ya zuba," in ji Saje.

Hadi ya shiga ɗakin shi kaɗai. An naɗe kanta da bandeji, rabin fuskar ya kumbura har ido ya ɓace. Amma ɗaya rabin yana nan yadda yake, da ɗan tabo a ƙarƙashin leɓe. A kan kujera an ninke wata laffaya ruwan ɗorawa mai ɗigon baƙi.

Ya san laffayar, ya san tabon.

Kwana tara da suka wuce, ran Lahadi, wasu manyan jami'ai sun zo ofishinsu daga hedikwata, ana shan shayi ana raha. Wata mata ta shigo, ta bi fuskokin mazan ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kansa. Ta matso ta ce da Hausa, a hankali, "Ɗan'uwa, an ce mini kai namu ne. Magana ce mai nauyi na zo da ita, ba zan iya faɗinta da Larabci gaban maza ba."

Ɗaya daga cikin baƙin ya yi dariya ya ce, "Hadi, ashe danginka Fallata sun biyo ka har nan." Fallata shi ne sunan da Larabawan ƙasar ke kiran Hausawa da makamantansu, sau da yawa cikin raini.

Hadi a kambo aka haife shi, wato unguwar ma'aikatan gona, a Jazira. Uwarsa auduga ta tsinta har bayanta ya lanƙwashe, kuma da Hausa take yi masa addu'a duk ranar da ya buga mata waya. Amma shekara ashirin ke nan yana ajiye harshen a bakin ƙofar gida idan zai fito aiki. Ran nan, da idanun baƙin a kansa, ya dubi matar ya ce da Larabci ba ya jin abin da take faɗi, ta je teburin kanta inda ake karɓar ƙara. Ta maimaita maganarta. Ya sunkuya kan takardunsa har ya ji takunta ya yi nisa.

Yanzu ga ta kwance, ana ƙara mata iska ta hanci.

Da suka koma ofis ya ɗauko littafin ƙararraki ya buɗe shafin wancan Lahadin. Satar waya, rikicin direbobi biyu, akuyar da ta ɓata. Ba sunanta. Ya kira kurtun da ke kanta a ranar.

"Akwai wata mata mai laffaya ruwan ɗorawa da na turo maka."

Kurtun ya yi tunani. "Ta zo, Janabu. Na tambaye ta wa ya cuce ta, ta ce ba ita aka cuta ba. Na ce to ta kawo wadda aka cuta. Ta tafi."

"Ta faɗi suna?"

"Ban tambaya ba."

Hadi bai iya yi masa faɗa ba. Ya ce ya tafi.

Bayan azahar aka ce masa yana da baƙo. Alhaji Hamuda ne, shugaban kwamitin 'yan kasuwar layin yadi, jikan alhazan da suka taho daga Kano a ƙafa suka zauna. Ɗan kimanin shekara sittin, farar jallabiya, farin rawani, Larabcinsa ya fi na wasu Larabawan gogewa. Yana dogara sanda, ƙafarsa ta hagu cikin safa mai kauri duk da zafin da ake yi.

"Ciwon sukari ne ya sauko ƙafa," in ji shi da ya ga Hadi na kallo. "Tsufa. Na zo ne da sunan kwamiti, Janabu. Abin nan ya girgiza mu. Baiwar Allah ce, ba ruwanta da kowa."

"Kana zargin wani?"

"Ba na son ɗaukar alhaki. Amma tana da tsohon miji, Hussein, direban raksha, keken nan mai ƙafa uku. Kowa ya san duka ne ya raba su. Kuma ana ganinsa yana shawagi a layin da sassafe."

Hadi ya rubuta sunan. Alhaji ya tashi da ƙyar, ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu.

"Ita ƙarar da ta kawo muku kwanakin baya, ta ambaci wani a ciki? Don mu san yadda za mu taimaka."

Hadi ya cire tabaransa ya goge. "Muna duba ta, Alhaji."

Ya bi shi da kallo ta taga har ya shiga mota. A duk duniya, a iya saninsa, mutum uku ne suka san Barakatu ta taka ofishin nan da magana a bakinta: ita, da kurtun da ke kanta, da shi kansa. Ga na huɗu.

Washegari da safe Saje ya kawo Hussein daga tashar raksha. Ramamme ne, idanunsa sun yi ja.

"Yaushe rabonka da Barakatu?"

"An yi wata shida, Janabu."

"An ga rakshanka a layin yadi jiya da sassafe."

"Rakshoshi suna kama da juna."

"Cire takalmanka. Naɗe wandonka. Hannun riga ma."

Hussein ya yi. Babu ƙuna a ko'ina.

"Ba kai ka buge ta ba, na sani," in ji Hadi. "To me kake ɓoyewa?"

Mutumin ya rufe fuska da tafin hannu. "Na taɓa dukanta. Da ɗankwalinta na shaƙe ta, gaban 'yarmu. Shi ya sa alƙali ya raba mu. In na ce ina wurin, wa zai yarda ba ni ba ne?"

"Me ya kai ka wurin?"

"Kullum ni nake kawo ta. Shekara shida ke nan. Bayan sallar asuba na ɗauko ta da gawayinta da jarkokin ruwa, na sauke ta na wuce. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma taɓa ce mini ta yafe ba. Jiya ma na sauke ta lafiya."

"Ka ga wani?"

"Shago ɗaya ne a buɗe, rabin ƙofa. Ban lura na wa ba."

"Kwanakin nan ka ga wani canji a tare da ita?"

"Ba ta magana. Sai ranar da ta dawo daga nan." Hussein ya ɗaga ido ya dubi ɗakin. "Ta ce ta zo ofishin 'yan sanda an kore ta kamar akuyar da ta shiga gonar mutane. Ta yi kuka a bayan raksha. Ko lokacin da nake dukanta ban taɓa ganin ta yi kuka ba."

Saje ya dubi Hadi. Hadi yana kallon biron da ke hannunsa.

"Me ta zo faɗi?"

"Ba ta gaya mini ba. Amma ina jin yana da alaƙa da Mawahib. Wata ce mai shayi a layin, matar aure, mijinta yana haƙar zinariya a arewa. Mako biyu da suka wuce Barakatu ta sa na kai ta gidan gwaggonta a Aljirif. Ta lulluɓe har fuska, ba ta ce uffan ba har muka isa."

Da la'asar Hadi ya haye zuwa Aljirif da wata kurtu mace. Hayaƙin wuraren gasa bulo ya kwanta a kan kogin, jakuna na jan amalanke cike da jan bulo. Gidan yana bayan wata gonar rogo da kuɓewa, ɗaki biyu da rumfa.

Gwaggon ta ce babu wata Mawahib a gidan. Tana cikin faɗin haka sai labule ya motsa, wata mata 'yar kimanin shekara ashirin da biyar ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Bar shi, Gwaggo. Na san shi." Da Hausa ta yi maganar, kuma ba ta sassauta murya ba. "Inna Barakatu ta kwatanta mini shi. Dogo mai tabarau, Bahaushe ne amma ya ce ba ya ji."

Kurtun ba ta jin Hausa, ta dubi Sufeton tana jiran fassara.

An miƙo masa kujera, bai karɓa ba. Ya durƙusa a bakin tabarma, ya ajiye hularsa a ƙasa. Da ya buɗe baki, Hausar ta fito masa da nauyi, irin ta kambo, wadda bai taɓa yi cikin kaki ba.

"Ni ne. Ina ji. Ƙarya na yi mata, don kada a yi mini dariya. Da na saurare ta, da yanzu tana bakin murhunta. Ba ni da abin da zan ce miki ya wuce wannan. In kin ƙi magana da ni, kina da gaskiya."

Mawahib ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zauna a ɗaya bakin tabarmar, ta juya masa gefe, ta yi magana tana kallon katanga.

Alhaji Hamuda ne. Da tsakar rana, lokacin da layin ya yi tsit saboda zafi, ya aika ta kai masa jabana siton da ke bayan shagonsa. Ta shiga, ya kulle ƙofa, ya keta mata haddi. Bayan nan ya gyara rawaninsa ya ce mata ta je ta faɗa in tana so. Mace ce da mijinta ba ya gari, ita za a tuhuma da zina, kuma shi zai sa a tashi duk masu shayi daga layin.

"Inna Barakatu ce ta wanke ni. Ta ce ita za ta je ta faɗa, tunda ni ba zan iya ba. Da kuka kore ta, ta zo nan ta gaya mini gaskiya. Amma shi ba ta gaya masa gaskiya ba. Ta same shi a shago ta ce ta kai ƙararsa, an rubuta, kuma in ya ƙara kallon wata a layin za ta kawo 'yan sanda da kanta."

"Ta ce masa an rubuta?"

"Ta ce ba ta da wani makamin. Akwai 'yan mata biyu sababbi a layin."

Hadi ya sake tambayarta.

"Za ki faɗi wannan gaban mai gabatar da ƙara?"

"In na faɗa, mijina zai ji."

"Zai ji."

"Za a ce ni na kai kaina."

"Wasu za su ce. Ba zan yi miki ƙarya ba, na riga na yi guda. Abin da zan iya shi ne, ni zan rubuta da hannuna, kuma zan tsaya a kotu."

Gwaggon ta fara cewa a bar maganar, a rufa asiri. Mawahib ba ta dube ta ba.

"Inna za ta tashi?"

"Likita ba ta sani ba."

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Da ta fito, laffayar fita ce a jikinta.

Ran Alhamis da hantsi Hadi ya shiga layin yadi da takardar bincike daga mai gabatar da ƙara, da Saje, da kurata uku. Kasuwa ta cika. Alhaji Hamuda na zaune a kan kujerarsa yana auna wa wata mata farin yadi.

"Janabu, marhaba. An kama Hussein ɗin?"

"An sallame shi." Hadi ya karɓi ma'aunin daga hannunsa ya juya shi. Na katako ne, sabo, ko tambarin mai sayarwa bai goge ba. "Duk maƙwabtanka mitar ƙarfe suke aunawa da ita. Ina taka?"

"Ta ɓata. An yi wata guda."

"Ran Talata ƙarfe nawa ka buɗe shago?"

"Tara, kamar kullum."

"Wa ya gaya maka Barakatu ta zo ofishinmu?"

Alhaji ya yi murmushi. "Kasuwa ce, magana na yawo."

"Faɗi mutum ɗaya da ka ji a bakinsa, na kira shi yanzu."

Alhaji ya kau da kai.

Saje da kurata suka shiga siton. Suka sauke bandir bayan bandir, kusan rabin sa'a ba su ga komai ba. Mutane sun fara taruwa a bakin shagon, wasu na gunaguni cewa wannan cin mutuncin dattijo ne. Sai Saje ya ɗaga wani bandir na shuɗin yadi daga can ƙasa, ya ji nauyinsa ya fi na sauran. Ya karkata shi. Mitar ƙarfe ta zamo daga cikin kwalin da aka naɗe yadin a kai, ta faɗi a siminti da ƙara. An wanke ta, amma bakin kwalin ya sha wani abu da ya bushe ya yi baƙi.

"Alhaji, cire safar."

"Ciwon sukari ne, na gaya maka."

"To likita za ta duba. Cire."

Ya cire a hankali. Daga idon sawu zuwa yatsu fatar ta saɓule, ta yi ja, an shafa mata man goge baki.

Alhaji Hamuda ya dubi taron, ya dubi Saje, sannan ya kamo hannun rigar Hadi ya sassauta murya. A karon farko ya yi masa Hausa.

"Ɗana, na san gidanku, na san kai namu ne. Mu 'yan gida ɗaya ne. Kada ka tona mana asiri gaban baƙi. Gobe za su ce ga halin Fallata. Mu zauna da dattawa, a yi sulhu, komai zai gyaru."

Hadi ya zare hannunsa. Ya amsa da Hausa, da muryar da duk layin zai ji.

"Barakatu ma 'yar gida ce, Alhaji. Mawahib ma."

Da jin sunan na biyu sai kafaɗun dattijon suka faɗi. Ya zauna a kan bandir ɗin da ke kusa. Yana kallon ƙafarsa ya soma magana, kuma ba wanda ya matsa masa.

"Ban je da niyyar dukanta ba. Kwana bakwai ba na barci, duk motar da ta tsaya na ce ku ne. Ran Talata na riga kowa zuwa, na zauna ta zuba mini jabana. Na ce ta je ta janye ƙarar. Na ce ina da 'ya'ya mata masu aure, ina da suna. Ta ce ita ma yarinyar tana da suna. Ta ce ran Lahadi za ta kawo ta da kanta ta yi bayani. Ta juya tana hura gawayi kamar ba ni a wurin. Na shiga shago na ɗauko mitar. Da ta janye ƙarar, da duk ba a kai nan ba."

"Babu ƙara," in ji Hadi.

Alhaji ya ɗago.

"Ba a rubuta komai ba. Ta zo wurina, na kore ta tun ba ta faɗi sunanka ba. Babu abin da za ta janye."

"Babu?"

"Babu."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Hadi ma bai iya haɗa ido da kowa ba. Ya san duk layin ya ji abin da ya faɗa, har Saje da kuratansa, domin akwai masu fassara musu a cikin taron.

Saje ya sa masa ankwa. Alhaji ya roƙi a bar shi ya warware rawaninsa ya rufe fuska, Hadi ya ce a'a. Aka fito da shi yana ɗingishi, ƙafa ɗaya ba takalmi, aka bi da shi tsawon layin zuwa mota. 'Yan kasuwan da ke gunaguni ɗazu sun shige shagunansu. Masu shayi kuwa duk sun miƙe tsaye a bakin murhunansu. Da aka zo daidai wurin Talatu, ta tako ta tsaya gaban Saje.

"Rubuta sunana," in ji ta da Larabci. "Na gan shi yana fitowa daga wurinta da ƙarfen. Tsoro na ji."

Barakatu ta farfaɗo a rana ta goma sha ɗaya. Idonta na hagu bai ƙara gani ba, kunnen wannan ɓangaren ma ya tafi.

Bayan wata huɗu aka yi shari'ar. Lauyan Alhaji ya yi wa Mawahib tambayoyin da suka sa gwaggonta ta fita daga ɗakin, amma ita ta amsa su ɗaya bayan ɗaya. Mijinta bai zo ba, bai kuma aiko ba. Hadi ya tsaya a matsayin shaida ya faɗa wa alƙali abin da ya faru ran Lahadin nan, kalma da kalma, har da dariyar da aka yi da amsar da ya bayar. An saka maganar a fayil ɗinsa na aiki, ƙarin girman da yake jira ya wuce shi. An yanke wa Alhaji Hamuda shekara goma sha biyar a kan laifuffukan biyu, aka fita da shi ta ƙofar baya.

A harabar kotu Hadi ya sami Barakatu zaune a inuwar bishiya, Mawahib na riƙe da hannunta, Hussein na jira da raksha a bakin titi. Ya zagayo ɓangaren da take ji, ya rusuna.

"Yaya Barakatu, na cuce ki. Ki yafe mini."

Ta juyo da idonta mai gani ta dube shi. Maganarta na fita a hankali, don muƙamuƙin bai gama sakewa ba.

"Na ji abin da ka faɗa a ciki. Ka yi aikinka daga baya, na gani. Yafiya kuwa, bar ni tukuna. Ban kai nan ba."

"To."

Mawahib ta taimaka mata ta miƙe. Sun yi taku biyu sai Barakatu ta tsaya.

"Akwai wata a layin 'yan takalma, Lauratu. Tana da magana. Larabcinta bai da yawa. Na ce ta zo wurinka gobe."

"Ƙarfe nawa?"

"In ta gama wanke kofuna."

Hadi ya ciro biro ya rubuta sunan a tafin hannunsa.